Ana Cikin Annoba Ma'aikaci Ya Tashi Da Zazzaɓi: Ya Je Aiki Ko Ya Kwanta?

Wannan jawabi ne da Editan wannan jarida ya yi a gaban ɗaliban azuzuwan manya da malamansu da shugabannin gari. Mun buga shi saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.

Na san wasunku sun baro aiki ne suka zo, saboda haka ba zan tsare ku da yawa ba.

An ce in yi magana a kan lafiya. Maganar lafiya tana da faɗi, sai na zaɓi tambaya guda. Ga ta: ana cikin annoba, mutum ya wayi gari jikinsa da zafi, yana tari, ga aiki yana jiransa. Ya je, ko ya aika a ce ba shi da lafiya?

Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba zai ce amsar mai sauƙi ce: ya kwanta mana! To, amsar daidai ce. Amma sauƙi kam babu. Wannan tambaya ta wahalar da ma'aikata a duniya duka a shekarar 2020, lokacin cutar korona. Ina so mu duba abin da ya faru, don korona ba ita ce annobar farko ba, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba.

Bari mu tuna. An fara ganin korona a ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar duniya. Ran 30 ga Maris aka rufe Legas da Abuja. Ran 11 ga Afrilu aka sami mutum na farko mai cutar a Kano, ba a yi mako guda ba aka hana fita. A cikin wannan wata mutane suka yi ta mutuwa a birnin Kano, yawancinsu dattawa, har masu haƙar kabari suka koka. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma mai yiwuwa rabinsu ko fiye korona ce sanadi. A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci. Cutar ba ta ɓace ba, amma kaifinta ya ragu.

Me ya sa wurin aiki ya zama abin tsoro? Saboda korona a numfashi take tafiya. Mai cutar ya yi tari, ko atishawa, ko magana da ƙarfi, sai na kusa da shi ya shaƙa. Ta fi saurin kama mutane a ɗaki mai cunkoso wanda iska ba ta ratsawa. Kuma ga inda gizo yake saƙa: mutum ya fi yaɗa ta a kwanakin farko, lokacin da yake ganin ɗan zazzaɓi ne kawai. Watau ranar da yake cewa "bari in daure in je," ita ce ranar da ya fi zama haɗari ga abokan aikinsa. Saurayi zai iya warkewa cikin mako guda. Amma abokin aikinsa zai kai ta gida, inda akwai tsohuwa mai hawan jini ko dattijo mai ciwon suga. Su ne ta fi kashewa.

Ga misali daga ƙasar Gana. A garin Tema, bakin teku, akwai wata masana'antar gyaran kifi. A watan Mayu 2020 shugaban ƙasar na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya gaya wa jama'arsa cewa ma'aikata 533 sun kamu da korona a wannan wuri, kuma daga mutum ɗaya suka ɗauka. Ku duba fa, 533 daga mutum ɗaya. Akwai ƙauyen da in ka tara magidantansa duka ba za su kai haka ba.

Ga kuma wani misali daga nan gida. Mutumin da aka fara samu da korona a Nijeriya wani Baturen Italiya ne da ya zo aiki a wani kamfani a Jihar Ogun. Da ya ji jikinsa ba daɗi, bai ɓoye ba. Ya tafi asibitin kamfanin ya faɗa. Aka kai shi Legas, aka gwada, ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar. Nan da nan aka bi sawun waɗanda ya yi hulɗa da su, aka killace su. Shi ma ya warke.

Za a ce mutumin kirki ne, ya yi daidai. Gaskiya ne. Amma a lura da abu ɗaya. Shi yana da asibiti a wurin aikinsa, kuma kwanciyarsa ba za ta hana tukunyar gidansa tafasa ba. Faɗin gaskiya bai ci masa komai ba.

To yanzu mu zo kanmu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa cikin kowane mutum goma masu aiki a Nijeriya, tara ba su da albashin wata mai takarda. Su ne ɗan ƙwadago, da ɗan dako, da ɗan ga-ruwa, da mai shayi, da ɗan acaɓa, da leburan gini, da mai tuwo-tuwo, da matan da ke sussuka da surfe a biya su da yamma. Hannu baka hannu ƙwarya. Abin da aka samo yau shi za a ci yau. A watan Maris 2020 Gwamnatin Tarayya ta ce ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida, kuma albashinsu bai tsaya ba. Ɗan dakon kasuwar Dawanau fa? Shi ma an ce ya zauna gida, amma ba wanda ya ce ga mudun gero. An yi maganar kayan tallafi. Kun san yadda aka ƙare: a watan Oktoba na shekarar mutane suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da Legas suka tarar da kayan abinci jibge.

Saboda haka idan ɗan ƙwadago ya tashi da zazzaɓi, ba lissafin ciwo kaɗai yake yi ba. Lissafi uku yake yi. Yana tunanin cefanen yau. Yana tunanin in bai je ba, mai gona zai ɗauki wani, gobe kuma ba a neme shi ba. Yana kuma tunanin bakin mutane. A lokacin korona wanda aka ce yana da ita, har maƙwabta gudunsa suke yi, a daina sayen ƙosan matarsa. Gaba kura, baya sayaki. Sai ya sayi ƙwayar zazzaɓi a kemis, ya haɗiye, zafin jiki ya sauka, ya ɗauki fartanya. Ƙwayar ta ɓoye zazzaɓin, amma ba ta hana cutar yaɗuwa ba.

Ni ba na kiran wannan mutum mugu, kuma ba na kiransa jahili. Ya san abin da rediyo ya ce. Yunwa ce ta fi rediyo ƙarfin murya a gidansa.

Kada ku zaci talakan Nijeriya kaɗai ne ya shiga wannan hali. A Amurka, ƙasar da ake ganin ta fi kowa arziki, akwai ma'aikata miliyoyi waɗanda in ba su je aiki ba, ba a biyan su ko kwabo. A jihar Dakota ta Kudu akwai wani babban wurin yankan nama na kamfanin Smithfield, mai ma'aikata wajen 3,700. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa wuni zungur. Kamfanin ya yi alkawarin ladan dala 500 ga wanda bai yi fashin aiki ba a watan Afrilu 2020. Ya ce wanda korona ta kwantar ba zai rasa ladan ba. Duk da haka aka yi ta kukan cewa kuɗin yana jan marar lafiya zuwa aiki, don mai ɗan tari ba zai so ya yi asarar dala 500 ba. A ƙarshe ma'aikata fiye da 1,200 suka kamu, huɗu suka mutu, kuma sai da aka rufe wurin na 'yan makonni. An so kada aiki ya tsaya, sai ya tsaya gaba ɗaya.

Gwamnatoci sun gane inda matsalar take. A watan Maris 2020 Amurka ta yi doka ta wucin gadi, ta ce kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 500 ba ya biya wanda korona ta kama kuɗin mako biyu yana gida. Masu bincike suka duba daga baya, suka ga masu kamuwa sun ragu a jihohin da ma'aikata suka sami wannan dama a karo na farko. A Ingila a lokacin akwai kuɗin jinya, amma sai daga rana ta huɗu ake fara biya. Saboda korona aka mai da shi daga ranar farko. A watan Satumba 2020 kuma aka fara ba mai ƙaramin ƙarfi fam 500 idan an umarce shi ya killace kansa. Ba don tausayi kaɗai aka yi haka ba. An lissafa ne aka ga biyan mutum ɗaya ya zauna ya fi araha a kan jinyar mutum goma.

Mu ma muna da doka, ko da yake da yawa ba su san da ita ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 16, ta ce ma'aikacin da ciwo ya hana shi aiki yana da haƙƙin a biya shi har kwana 12 na aiki a shekara, muddin ya kawo takardar likita. Duk mai ɗa ko ƙane da ke aiki a kamfani a Kano ko Kaduna ko Legas, ya gaya masa wannan. Ya je asibiti, ya karɓi takarda, ya kai wa shugabansa, ya kuma riƙe kwafi a hannunsa. Ba alfarma yake roƙo ba. Amma mu faɗi gaskiya: wanda aka ɗauka noman wuni ɗaya, ko ɗan cirani mai tura ruwa, a aikace wannan doka ba ta iso gare shi. Shi dokarsa ita ce mutanen garinsu.

Kafin in zo kan wannan, akwai abin da ke ruɗa mutane. Ba kowane ciwo ne ake ɗauka a wurin aiki ba. Zazzaɓin cizon sauro, sauro ne ke kawo shi. Ko kun ci tuwo a kwano ɗaya da mai shi, ba za ka ɗauka ba. Matsalar ita ce a ranar farko zazzaɓin sauro da na korona kamarsu ɗaya: zafin jiki, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi. Ido ba ya rarrabewa. Gwaji ne ke rarrabewa. A ƙaramin asibiti ana ɗiban ɗigon jini a yatsa, cikin minti 20 a gaya maka ko zazzaɓin sauro ne. Idan an ce ba shi ba ne, ga kuma tari, ga annoba a gari, to ka ɗauka kana ɗauke da abin da zai kama wani.

Idan ana annoba, zazzaɓi da tari ya isa dalilin zama gida. Haka idan mutum ya daina jin ƙanshi ko ɗanɗanon abinci. Kuma ba korona kaɗai ba. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da dubu 100 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 3,000, yawanci a Arewa. Ita wannan cuta ta ruwa da abinci da hannu marar tsabta take bi. Mai fura, ko mai tuwo-tuwo, ko ɗan ga-ruwa da ya fara gudawa ya ci gaba da sana'a, unguwa guda zai iya kwantarwa. Mashaƙo, wanda ya addabi Kano da Yobe a 2023, shi kuma ta tari da numfashi yake bi. Alamarsa ciwon maƙogwaro da kumburin wuya. Malamin makaranta da ya ji haka kada ya shiga aji. Dattawan nan kuwa ba su manta sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kashe mutum fiye da dubu 11.

Sai dai a fahimce ni. Zama gida ba shi ne ƙin zuwa asibiti ba. A bar wurin aiki, a nufi wurin magani. Wanda numfashi ke yi wa wuya, ko mai gudawa kamar ruwan shinkafa, ko wanda wuyansa ya sanƙare, ba a jiran gobe da shi. Wanda tarinsa ya kai mako biyu ya je a duba majinarsa saboda tarin fuka. Gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Yanzu ga masu ɗaukar aiki, ku manyan manoma da masu injin niƙa da masu motoci da 'yan kwangila. Mu yi lissafi tare. A ce kana da 'yan ƙwadago goma, kowa naira 3,000 a wuni. Ɗaya ya tashi da zazzaɓi da tari. In ka ce ya zauna kwana biyar ka ba shi rabin kuɗinsa, naira 7,500 ka kashe. In ka ce wanda bai zo ba ya tafi ke nan, zai zo. Tare za su hau bayan mota, tare za su sha kunu a moɗa ɗaya, tare za su kwana a zaure ɗaya. Mako mai zuwa huɗu sun kwanta, shinkafa ta bushe a fadama tana zuba, tsuntsaye na ci. Kai ma da ka tsaya kansu kana ba da umurni, numfashinsu ka shaƙa, ka kai wa iyalinka. Wanne ya fi tsada?

Na san abin da za ku ce. Za ku ce wasu ƙarya suke yi. Mutum ya ce ba shi da lafiya, sai a gan shi a kasuwar ƙauyen gaba, ko wurin biki yana rawa. Akwai irinsu, ban musa ba. Kuma ku ma'aikata ku ji: mai ƙaryar ciwo ba maigida kaɗai ya cuta ba. Ya cuci ɗan'uwansa da ciwon gaske zai kama gobe, a ƙi yarda da shi. Amma a ƙauye ƙaryar ciwo ba ta kwana biyu. Maigida ya aika yaro ya tsaya daga ƙofa ya gaishe shi, ai zai gani. Kada a hukunta mutum tara masu gaskiya saboda maƙaryaci ɗaya.

Wanda kuma ba shi da maigida, kansa yake yi wa aiki, wa zai biya shi? A nan ne nake ganin mun fi Turawa abin yi, in mun so. Mun gaji gayya. Tun kakanni, idan ciwo ya kwantar da mutum da damina, samari ke taruwa su nome masa gona. Mun gaji adashi. Mata sun iya shi fiye da kowa. Abin da ya rage shi ne a ware wani abu musamman don ranar ciwo. A ce ƙungiyar 'yan acaɓa ko ta masu dako mutum 20 ne, kowa ya zuba naira 200 a mako. Naira 4,000 ke nan. A wata uku an wuce naira dubu 48. Wannan zai ba mutum da yawa cefanen kwana biyar. Ba sai kuɗi ba ma. Da kaka kowane gida ya ba da kwano ɗaya na dawa ko masara, a ajiye a rumbu guda a gidan mai unguwa.

Amma a yi shi da ƙa'ida, don kuɗin jama'a shi ke raba zumunci. A rubuta sunan kowa da abin da ya zuba. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban. A amince tun farko wane irin ciwo ne za a ba mutum, kwana nawa, kuma nawa. A karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen wata. Kuma a yarda cewa wanda ya kwanta, ba wanda zai ƙwace masa layinsa a tasha, ko rumfarsa, ko gidajen da yake kai wa ruwa. Wani ya riƙe masa, ya ba shi wani abu, in ya warke ya karɓi abinsa. Sau da yawa tsoron rasa wuri ya fi tsoron rasa kuɗin wuni.

Iyayenmu mata, ku ciwo bai cika ba ku hutu ba. Mace tana zazzaɓi tana tuƙa tuwo, tana ba yara a baki. In ana annoba, kishiya ko maƙwabciya ko babbar ɗiya ta karɓi girkin. A ba marar lafiya ɗaki ko gefen ɗaki, a buɗe taga, a ware mata kofi da kwano, mai kai mata abinci ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu. Tsofaffi su yi gaisuwa daga nesa. Kuma kada a tura yarinya mai tari talla.

Sai maganar baki. Mutumin da ya ce "ba ni da lafiya, kada ku matso," ya yi wa gari alheri. In aka saka masa da gori, aka laƙaba wa gidansa suna, na biyu ba zai faɗa ba. Ranka ya daɗe, wannan aikinku ne da Malam Liman. Kalma ɗaya daga bakinku a ƙofar fada ko bayan sallar Juma'a ta fi jawabina goma.

Ina roƙon Sarkin Noma da shugabar mata da shugabannin 'yan tasha su zauna kafin a gama girbin bana, tun hatsi yana hannu, su tsayar da abin da kowa zai zuba da wanda zai riƙe. Malaman azuzuwa za su taimaka da tsara littafin. Garin da ya fara ya rubuto mana yadda ya yi, za mu buga a wannan shafi don wasu su gani.